Yadda zaka kula da majina da kaki su ci gaba da yi maka aiki

Jama'a don Allah mu daina ɗaukar majina a matsayin ƙazanta kawai, garkuwa ce Allah ya yi mana. Kusan kashi 95 cikin ɗari nata ruwa ne, abin da ke sa ta yauƙi kuma wani furotin ne da ake kira miyusin, dogon zare ne da sarƙoƙin sukari suka lulluɓe shi ta ko'ina kamar buroshin wanke kwalba, sukarin nan ya ma fi furotin ɗin nauyi, shi ke riƙe ruwa ya kama ƙura da ƙwayoyin cuta. Miyusin iri-iri ne, a hanyar numfashi akwai waɗanda ake kira MUC5AC da MUC5B, a hanji MUC2, a tumbi ma akwai nasa mai hana asid cin bangon ciki.

Toh abu na farko ka sha ruwa sosai. In jiki ya bushe miyusin ɗin sai ya yi kauri ya manne, ƙananan gashin da ke maƙogwaro masu turo kaki sama su kasa ɗaga shi, shi ne zaka ji mutum yana ta tari ƙirji ya cushe abu ya ƙi fita. Sigari kuwa gashin nan take kassarawa ga ƙara yawan kakin, in kana sha ka taimaki kanka ka bari.

In hanci ya toshe, ka tafasa ruwa ka bari ya huce, ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya ka riƙa kurkure hancin da shi. Kar a yi da ruwan da ba'a tafasa ba. Maganin fesawa a hanci mai buɗe shi nan take kar ka wuce kwana uku kana amfani da shi, in ka zarce toshewar dawowa take har ta fi ta da.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ganin majina ta koma kore su ruga siyan antibayotik. Wannan launin daga fararen ƙwayoyin jini yake, masu yaƙar cutar, ko a mura ta bairos ana ganinsa, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos.

Sai tumbi. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna rage yauƙin da ke kare bangonsa, mai yawan afa su kullum ba da izinin likita ba ulsa yake jawo wa kansa. Ka yawaita ganye da 'ya'yan itatuwa ma, don ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji in basu samu irin wannan abincin ba sukarin miyusin ɗin suke komawa ci.

Amma in ka ga jini a kaki, ko tari ya wuce sati biyu, ko numfashi na yi maka wuya, kar ka tsaya dabarun gida, asibiti zaka je a duba ka har da gwajin tarin fuka.