Saukar da jirgin kamun kifi da ɗora shi in kana kai kaɗai

Duk wanda ya taɓa zuwa dam ɗin Zobe a Dutsin-Ma, ko Ajiwa, ko Sabke ta wajen Daura, ya san kwale-kwale ba ya rasa mai kama masa. Kafin masunci ya buɗe baki, samari uku sun naɗe wando. 'Yan'uwana Katsinawa masu shirin tafiya Amurka, da ku da ba ku daɗe da sauka ba, wannan gatan a gida za ku baro shi. A jiha irin Minesota, mai tafkuna fiye da 10,000, ƙaramin jirgin kamun kifi na hannu ba ya gagarar mai aiki, kuma wasunmu kan saya. Amma ranar da ka isa gangaren kankaren da ake saukar da jirage, kai ne direba, kai ne mai riƙe igiya, ga layin motoci a bayanka.

Gangaren nan na kowa ne, don haka ba a shiri a kansa. Akwai filin tsayawa a gefe, nan za ka gama komai. Ka zuba ƙugiyoyi da abinci da mai a cikin jirgi, ka kwance maɗauran baya da suka riƙe jirgin a kan tirela, wato amalanken da mota ke jan sa a kai, ka ɗaga injin sama don kada farfela ta daki kankare. Sannan toshiyar ramin baya, wanda ruwa ke fita ta cikinsa. Ka sa ta, ka sake dubawa da hannunka. Wanda ya manta ta sai ya dawo daga ajiye mota ya tarar ruwa ya fara cika jirgin, ga shi ba mai kwarfe masa.

Abu ɗaya kada ka kwance tukuna: maɗaurin gaba da sarƙarsa. Su zauna har sai bayan jirgin ya taɓa ruwa. In tirelarka mai 'yan tayoyin gangarawa ce, ka kwance tun daga sama, jirgin zai sulale ya faɗi a kan kankare.

Igiya ita ce abokin tafiyarka. Ka samo wadda ta fi jirgin da tirelar tsawo in an haɗa su, ka ɗaura baki ɗaya a hancin jirgi, ɗayan a jikin sandar gaban tirela, ka naɗe ta sako-sako yadda za ta warware ba sarƙewa. Da wannan, ko jirgin ya zame ya yi iyo, bai bar ka ba.

Ribas da tirela shi ne inda zufa ke karyo wa mutane, kuma ina roƙonku kada ranar Asabar ta buɗe kakar kamun kifi, cikin watan Mayu, ta zama ranar koyonku. Ku je filin ajiye motoci da ba kowa, ku yi ta gwadawa. Dabarar ita ce ka sa hannu a ƙasan sitiyari: inda hannunka ya nufa, can bayan tirela zai nufa. Kaɗan-kaɗan ake juyawa. In ta karkace, ka yi gaba ka miƙe ta, ka sake. Ba wanda zai zarge ka a kan haka. Ka sauke gilashi, ka cire bel, yara kuma su fita daga motar su tsaya nesa. In da asuba ne, ka kashe manyan fitilu ka bar ƙanana, don kada ka kashe wa na kusa da kai ido yana ribas.

Da ka ga bayan jirgi ya fara ɗagawa, tsaya. Giyar fakin, birkin hannu, sannan ka fito. Kada tayoyin bayan mota su shiga can cikin ruwa, domin gansakukar da ke ƙasan gangaren ta fi miyar kuɓewa santsi, tana iya jan mota, balle mutum mai silifas. Ka kwance sarƙa da maɗauri, ka tura jirgin, ka ja shi da igiya zuwa ƙarshen dandamalin katako, ka ɗaure shi inda ba zai tare wa wani hanya ba, ka je ka ajiye mota.

A nan zan tsaya, don batun faɗawa ruwa ya fi damuna. Yawancinmu 'yan birnin Katsina da Daura ba mu iya iyo ba, ba a bakin kogi muka tashi ba. Ko wanda ya iya, ruwan can ba irin namu ba ne. A watan Mayu rana tana iya yin daɗi alhali ruwan bai daɗe da narkewa daga ƙanƙara ba. Mutum na faɗawa numfashinsa ke sarƙewa, ya shaƙi ruwa ba da sonsa ba, cikin 'yan mintoci hannuwa su daina kama abu. Doka ta ce a sami rigar hana nutsewa ɗaya ga kowane mutum a cikin jirgi, jirgin da ya kai ƙafa 16 kuma a ƙara masa abin jefa wa wanda ya faɗa. Ni dai na ce ka sa ta a jikinka tun kana kan dandamali, domin wajen taka ƙafa daga katako zuwa jirgi ake yawan zamewa. Igiyar kashe inji kuma ka maƙala ta a rigar. Tun 1 ga Afrilu 2021 dokar tarayya ta wajabta hakan a jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba idan suna gudu. In ka faɗa, injin ya mutu. In ba ta, jirgin zai yi ta zagaye da farfela a kunne. Ka gaya wa iyalinka ko wani ɗan'uwa tafkin da ka tafi da lokacin dawowarka. Lasisin kamun kifi da rajistar jirgi su kasance tare da kai.

Wajen ɗorawa, kuskuren da aka fi yi shi ne nutsar da tirela da yawa. Jirgin sai ya yi ta yawo a samanta, ya zauna a karkace. Ka bar kamar kashi biyu cikin uku na katakan da yake kwanciya a kai su jiƙe, sauran a waje. In akwai iska, ka taho ta ɓangaren da take busowa don ta tura ka tsakiya. Ka shigo a hankali, ka kashe inji ka ɗaga shi, ka maƙala maɗauri, ka murɗa abin naɗe maɗaurin da hannu har hanci ya zauna daram, ka sa sarƙa. Za ka ga wasu suna taka wuta su hau da ƙarfin inji. Kada ka kwaikwaye su, farfela tana haƙe ƙasan ƙarshen kankare ta bar ramin da tayar tirelar wani za ta faɗa.

Ka ja sama a hankali zuwa filin gefe, can za ka ɗaure baya ka duba fitilu. A Minesota dole ka tsince duk ciyawar da ta maƙale, ka zubar da ruwan jirgi, ka cire toshiyar nan ka bar ta a cire muddin kana kan titi. Dalili shi ne wata 'yar ƙaramar dodon-koɗi mai zane da jiragen dakon kaya suka kawo daga Turai, aka gano ta a manyan tafkunan arewacin Amurka a 1988. Tana bin ruwan jirgi daga tafki zuwa tafki tana toshe bututu. Jami'ai sukan tsaya a bakin gangare suna dubawa, kuma ana cin tara. Ragowar abincin ƙugiya, tana ce ko ƙananan kifi, kwandon shara ake zuba shi.