Yadda za a zaɓi allon tuƙi guda ɗaya domin ruwan Tiga da igiyar tekun Legas

Duk wanda ya taɓa ganin masunci ya kife gora a kan ruwa ya hau ta, ya riga ya san tushen allon tuƙi a tsaye, wanda masu sayarwa ke kira SUP: abu ne mai iska ko soso a cikinsa, da ke ɗaukar nauyin mutum a kan ruwa. Bambancin kawai shi ne a nan mutum tsayuwa yake yi, yana tuƙi da dogon filafili guda ɗaya. A tsibiran Hawai na Amurka wasan ya samo siffarsa ta yanzu, kuma a farkon shekarun 2000 ne ya bazu a duniya, bayan da fitattun mahaya igiyar ruwa irin su Laird Hamilton suka rungume shi.

Tambayar mutumin Kano ta bambanta da ta mutumin bakin teku. Ruwan da ke kusa da mu kwantacce ne: dam ɗin Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako tsakanin 1971 da 1974, da Challawa a ƙasar Ƙaraye, da tafkin Bagauda. Igiyar ruwa kuwa sai an dangana da Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000. Wanda harkar kasuwa ko zumunci ke kai shi can sau biyu ko uku a shekara ba zai so ya sayi allo biyu ba, don haka yake neman ɗaya da zai yi masa aikin duka. Irin wannan allon yana nan, amma gara a faɗi gaskiya tun farko cewa ba zai kai allon da aka ƙera domin dam kaɗai gudu ba, ba kuma zai kai na teku zalla saurin juyawa ba. Abin da nake ba da shawara shi ne mutum ya ƙirga kwanakin da zai yi a kowane ruwa cikin shekara, ya saya domin ruwan da ya fi yawa, sannan ya tabbatar cewa allon bai yi tsawo ko kaurin da zai hana shi hawa ƙaramar igiya ba.

Da ƙafa da inci ake auna waɗannan alluna, ko da a ƙasashen da ke amfani da mita. Allon doguwar tafiya yakan kai ƙafa 12 da inci 6, ko ƙafa 14, yana da tsinin hanci mai tsaga ruwa kamar kwalekwale, kuma yana tafiya ɗoɗar ba tare da an yawaita sauya hannu ba. A Tiga babu kamarsa, amma idan igiya ta ɗago bayansa, wannan dogon hancin yakan nutse a ruwa ya wuntsila mai shi. Allon teku zalla kuma gajere ne, galibi ƙasa da ƙafa 9 da rabi, kuma a kwantaccen ruwa kowane bugun filafili yana karkatar da shi gefe, ta yadda mutum zai gaji bai yi nisa ba. Tsakanin waɗannan biyun ne allonmu yake, wato daga ƙafa 10 zuwa ƙafa 10 da inci 6, mai zagayayyen hanci. Ga faɗi kuwa, inci 31 ko 32 ya ishi mai matsakaicin jiki. Wanda ya kai inci 34 yana da daɗin tsayuwa a makon farko, amma daga baya zai zama kamar tuƙa ƙyauren ƙofa, domin ba ya gudu, kuma da wuya a jingina shi a gefe guda a jikin igiya.

Akwai wani adadi da ake rubutawa da lita, wanda yake nuna girman cikin allon. Lissafinsa mai sauƙi ne, tunda lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne: allo mai lita 180 sai an ɗora masa kusan kilo 180, har da nauyin kansa, kafin ya nutse gaba ɗaya. Ƙa'idar da aka saba bi ga sabon shiga ita ce ya nemi litar da ta kai ninki biyu na nauyinsa ko ta ɗan haura. Mai kilo 75 ke nan kada ya sauka ƙasa da lita 150, kuma zai fi samun natsuwa a wajen 180. Gwanayen teku suna sauka ƙasa da haka sosai, amma wannan ba hanyar mai koyo ba ce.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne batun kauri, domin a nan ne na yi nawa kuskuren. Allo iri biyu ne. Akwai mai tauri, wanda cikinsa soso ne aka lulluɓe da faiba, akwai kuma na hurawa, wanda aka yi da ledar PVC mai ƙarfi, da dubban zarurruka a ciki da ke riƙe samansa da ƙasansa don kada ya kumbura kamar balan-balan. Yawancin na hurawa masu araha kaurinsu inci 6 ne, kuma irinsa na fara saya daga wani mai sayarwa a intanet, saboda ya nuna mini cewa yana da kusan lita 300, ni kuma na ɗauka yawan lita shi ne inganci. A Tiga bai ba ni matsala ba sai ranar iska. Ranar da na kai shi gaɓar Tarkwa a Legas kuwa, igiyar da ba ta wuce gwiwa ba ta riƙa ɗaukarsa a karkace tana watsar da ni, har na sha ruwan gishiri ya fi a ƙirga. Wani matashi da ke hawa nasa allon a gefena ya zo ya dafa gefen nawa da tafin hannu, ya nuna mini yadda yake a dunƙule kamar matashin kai, sannan ya nuna mini nasa mai siririn gefe. Sai a lokacin na gane cewa gefen allo ne ke shiga jikin igiya ya riƙe ta, kuma gefen da ya yi kauri ba ya shiga, sai dai ya yi ta yawo a sama. Bugu da ƙari, kauri yana ɗaga mutum sama da ruwa, kuma duk yadda aka ɗaga shi, haka tangaɗinsa ke ƙaruwa.

Saboda haka, mai nauyin da bai wuce kilo 85 ko 90 ba ya nemi na hurawa mai kaurin inci 4.7 ko 5, wanda a tsawon ƙafa 10 da inci 6 yakan ba da wajen lita 240. Wanda ya fi haka nauyi dole ya koma inci 6, domin siririn zai lotsa a tsakiya, kuma allon da ya lotsa ba ya gudu a dam, ba ya kuma hawa igiya.

Babu shakka mai tauri ya fi kyau a teku, tunda maƙerinsa na iya sirantar da gefensa da wutsiyarsa yadda yake so. Sai dai abu mai tsawon fiye da mita 3 ba ya shiga adaidaita sahu, da wuya kamfanin jirgin sama ya karɓe shi cikin sauƙi, kuma a saman motar haya daga Kano zuwa Legas sai abin da Allah ya yi. Na hurawa kuwa ana naɗe shi a jaka ɗaya tare da famfo da filafili, a rataya a baya. A ganina, sai wanda yake da wurin ajiya a Legas kuma can ne zai fi yin wasan ya kamata ya sayi mai tauri.

Abu na gaba shi ne lanƙwasar allon daga hanci zuwa wutsiya. A ajiye shi a kan siminti a duba shi ta gefe: idan hancin ya ɗan ɗaga sama, zai tsira daga nutsewa lokacin gangarowa daga kan igiya. Idan lanƙwasar ta yi yawa kuma, a kwantaccen ruwa allon zai riƙa tura ruwa a gabansa yana rage gudu. Matsakaiciya ake nema.

A ƙarƙashin wutsiya akwai fiffike, wanda shi ke hana allo jujjuyawa. A nemi allo mai gurbin babban fiffike a tsakiya da ƙanana biyu a gefe, kuma ya zama na tsakiyar ana iya cire shi a sauya, ba wanda aka manne da gam ba. A dam, dogon fiffike ɗaya da aka tura can baya a gurbinsa ya fi miƙar da tafiya. A teku kuma sai a sa gajere, a matso da shi gaba, a bar ƙananan biyu su taimaka wajen riƙe igiya. A bakin dam inda akwai ciyawa da tarun masunta, dogon fiffike yana yawan sarƙewa, don haka a riƙa gaida masunta ana tambayarsu inda suka shimfiɗa kayansu kafin a shiga.

Filafili ya zama mai ƙarawa da ragewa. A kwantaccen ruwa akan sa shi ya ɗara tsawon mutum da kamar inci 8, a teku kuma a rage shi ya dawo kusa da tsawon kai, saboda a can mutum a ɗan durƙushe yake. Bakinsa a karkace yake, kuma karkatar gaba take fuskanta, ko da yake kusan kowane sabon shiga yakan riƙe shi a juye.

Kowane allo yana buƙatar igiyar talala da ke haɗa shi da ƙafar mai shi, domin idan mutum ya faɗa ruwa, iska na iya tafiya da allon fiye da saurin iyonsa. Ita ma iri biyu ce, kuma a nan ba a yin rowa, a sayi duka. Mai naɗi kamar wayar tarhon da ta dace da dam, domin ba ta jan ruwa, ba ta kwaso ciyawa. A teku kuwa miƙaƙƙiya ake ɗaurawa, mai tsawon allon, saboda mai naɗin takan fizgo allon ya dawo wa mutum a fuska bayan igiya ta ja shi. Rigar kariya daga nutsewa ba abin muhawara ba ce ga wanda ya tuna haɗarin kwalekwalen da ya kife da mutane a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen 2021.

Yanayin Kano ma yana da nasa sharuɗɗan. Ana hura yawancin waɗannan alluna zuwa awon PSI 15 ko kusa da haka (PSI shi ne ma'aunin matsin iska), kuma ainihin adadin yana rubuce a bakin bawul, wato ƙofar da ake hura iskar. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iskar da ke cikin allon da aka yasar a rana tana faɗaɗa, gam ɗin da ya riƙe gefensa kuma yana laushi, har ya iya ɓallewa. Idan an fito hutawa, a kai shi inuwa ko a rage masa iska, kuma kada a bar shi a cikin rufaffiyar mota. Da hunturu kuma iska ce matsalar, tunda allon hurawa ba shi da nauyi kuma jikin mutum a tsaye tamkar tuta ne. A fara tafiya ana fuskantar iska domin ta taimaka a dawowa, idan ta yi ƙarfi kuma a durƙusa a kan gwiwa a ci gaba da tuƙi. Haka nan a san cewa akwai tsargiya a ruwan dam-dam da magudanan noman rani na ƙasar Kano, musamman a bakin ruwa mai ciyawa inda dodon koɗi ke zama, don haka a guji daɗewa ana tsaye a irin wannan wuri, kuma wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti.

A Legas, gaɓar Tarkwa ce ta fi dacewa da mai koyo, domin ganuwar duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa tana rage ƙarfin igiyar da ke isa wurin, kuma da jirgin ruwa ake zuwa. Buɗaɗɗun gaɓoɓin Legas suna da ruwa mai ja zuwa ciki, kuma igiyarsu tana ƙara girma da damina. Allo mai ƙafa 10 abu ne babba da zai iya raunata mai iyo, saboda haka a nisanci taron jama'a, kuma kada a taɓa bari allon ya shiga tsakanin mutum da igiyar da ke tahowa. Bayan an fito a ɗauraye shi da ruwan daɗi, a bar shi ya bushe a inuwa kafin a naɗe.

Tunda yawanci oda ake yi daga nesa, ranar da kayan suka iso a hura allon zuwa awon da aka rubuta, a bar shi a ɗaki ya kwana, da safe a sake aunawa. Idan ya sauka sosai, a shafa ruwan sabulu a bakin bawul da duk tsawon ɗinkin gefe, inda kumfa ta taso nan ne iskar ke fita, kuma a ɗauki hoto a aika wa mai sayarwa kafin allon ya taɓa ruwa. A duba ko an haɗo da gam da ƙyallen faci da ɗan makullin ɗaure bawul, domin facin tayar mota na roba ne, ba ya kama PVC, kuma mai facin bakin titi ba zai iya gyara shi da kayan da ke hannunsa ba.