Yadda jirgin ruwa mai tuƙa kansa zai sa ido kan jiragen da ke kewaye da shi

Duk wanda zai tsara manhajar tuƙa jirgin ruwa marar matuƙi, irin Yara Birkeland da aka ƙera da nufin ya tuƙa kansa, wanda ya fara jigilar takin zamani tsakanin Porsgrunn da Brevik a ƙasar Norway a 2022, sai ya fara da karɓar saƙonnin AIS. Wannan na'ura tana sanar da lambar shaidar jirgi da inda yake da saurinsa da inda ya dosa ta rediyon VHF, duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 10 idan yana tafiya, ko bayan minti 3 idan ya jefa anka. Yarjejeniyar SOLAS, wato ta ƙasa da ƙasa kan kare rayuka a teku, ta wajabta ta ga jiragen fasinja da jirage masu tan 300 ko fiye da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe.

Sai dai dogaro da AIS kaɗai ganganci ne, domin kwale-kwalen masunta da ƙananan jiragen shaƙatawa da yawa ba su da ita, wasu kuma suna kashe tasu da gangan. Saboda haka dole a haɗa ta da rada iri biyu, mai gigahaz 9 da ke fito da ƙananan abubuwa dalla-dalla, da mai gigahaz 3 da ta fi juriya ga ruwan sama, sannan a ƙara kyamara mai gane zafin jiki saboda dare. Aikin manhajar ne ta tantance cewa ɗigon da rada ta nuna da saƙon da AIS ta kawo na jirgi ɗaya ne, in ba haka ba za ta riƙa kauce wa jirgin da babu shi.

Daga nan sai lissafi. Ga kowane jirgi, a fitar da tazara mafi kusa da za a yi da shi, wato CPA, da lokacin da ya rage kafin a kai wurin, wato TCPA, a kuma riƙa sabunta su ba ƙaƙƙautawa. Doka ta 7 a dokokin kauce wa karo na 1972 ta bayar da ma'aunin da har yau ba a sami wanda ya fi shi ba: idan jirgi yana matsowa amma kusurwarsa a kamfas ba ta sauyawa, to a ɗauka akwai haɗarin karo.

Idan taho-mu-gama ne, doka ta 14 ta ce kowa ya karkata dama. Idan hanyoyi ne suka gitta, wanda ɗan'uwansa ke damansa shi zai ba da hanya, ya bi ta baya. A nan ne kwamfuta kan yi kuskure, don tana son gyara akala kaɗan-kaɗan, alhali doka ta 8 tana buƙatar juyi babba tun da wuri wanda matuƙin ɗaya jirgin zai gani a radarsa. Idan na'urorin suka saɓa wa juna, a rage gudu, a miƙa ragamar ga jami'in da ke cibiyar kula da jirgin a gaɓar teku.