Darasi: Maganin Ciyawa da Lafiyar Haihuwa

Maganin ciyawa ya rage wa manomi wahala, babu mai musun wannan. Aikin da mutum biyar za su kwana uku suna yi da fartanya, yau mutum ɗaya ke gamawa kafin rana ta take. Amma maganin da ya sauka kan ciyawa, wani yana sauka kan mai feshin.

A jikin mutum akwai sinadarai da ake kira homon. 'Yan aike ne da ke yawo cikin jini. Su ke tsara balaga, da zuwan al'adar mace, da fitar ƙwanta, da samuwar maniyyin namiji, da zaman ciki har ya isa haihuwa. Ɗan ƙanƙani suke aiki da shi. Shi ya sa baƙon sinadari ko kaɗan ne zai iya rikita saƙon, mutum kuwa bai ji ciwon komai ba.

Maganin da aka fi zargi shi ne atrazine, wanda ake fesa wa gonar masara. A 2002 wani masani a Amurka, Tyrone Hayes, ya raini kwaɗi a ruwan da aka sa wa ɗan digonsa, sai wasu suka tashi da gaɓoɓin haihuwa na maza da na mata a haɗe. Kamfanin da ke yin maganin ya ƙi yarda da binciken, an daɗe ana jayayya. A ɓeraye kuma an ga yana danne homon ɗin da ke sa ƙwai ya fita, yana jinkirta balaga. Kwaɗo ba mutum ba ne, gaskiya. Sai dai a 2003 an auna fitsarin wasu maza a jihar Misuri ta Amurka, aka tarar masu raunin maniyyi sun fi saura yawan burbushin atrazine da alachlor, wani maganin ciyawar. Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da atrazine a 2004, saboda yana daɗewa a ruwan ƙarƙashin ƙasa. Amurka ta bar shi, amma ta ƙayyade kada ya wuce maikirogiram 3 (kashi uku cikin miliyan na giram ɗaya) a litar ruwan sha.

Glyphosate, wanda ya fito kasuwa a 1974 da sunan Roundup, maganarsa ba ta kai haka ƙarfi ba. Hukumomin Amurka da na Turai sun ce ba su ga hujjar yana taɓa homon ba, har Turai ta sabunta masa izini na shekara 10 a 2023. Wasu masu bincike kuma sun ga alamar gajartar kwanakin ciki ga matan da aka fi samun sa a fitsarinsu. A ganina, mai neman haihuwa ba zai zauna jiran masana su daidaita ba.

Dubi mai feshi da kyau. Murfin tankin da ya goya bai rufu sosai ba, ruwan magani na gangarowa ta gadon bayansa, ya jiƙa riga, ya jiƙa wando. Haka zai wuni, ga zufa. Fatar matsematsi da ta maraina sun fi ta tafin hannu saurin shanye magani nesa ba kusa ba. Bakin famfon ya toshe, sai ya cire ya hura da bakinsa. Wannan kam yana ba ni tsoro ƙwarai. Tsinke mai laushi ko ɗan buroshi ya isa ya buɗe shi.

Lokacin haɗawa ya fi haɗari, domin maganin bai sirku da ruwa ba tukuna. A sa safar hannu ta roba, da takalmin roba, da riga mai dogon hannu, a dama da sanda. Kada a yi feshi iska na dawo da shi fuska. Da an gama, wanka da sabulu kafin cin abinci, kafin a ɗauki yaro.

Mace mai juna biyu ko mai shayarwa kada ta haɗa, kada ta fesa, kada kuma a miƙa mata kayan feshi ta wanke. Mai kayan ya wanke abinsa daban, nesa da rijiya. Galan ɗin da ya ƙare a ɗauraye shi sau uku, a juye ruwan ɗaurayar a cikin tankin feshi, a huda gindin galan ɗin don kada wani ya zuba ruwan sha.

Aikin gida: kowa ya duba takardar jikin galan ɗin da yake amfani da shi, ya kwafo sunan sinadarin a littafinsa. Galan ɗin a bar shi a ma'ajinsa, sunan kawai za mu karanta tare.