Yadda za ka zaɓi banki a ƙaramin gari, ka kuma shirya wa faɗuwar kasuwar hannun jari

Mazaunin ƙaramin gari ba shi da bankuna barkatai da zai zaɓa a cikinsu. Yawanci abin da zai tarar bai wuce reshen wani babban banki ba, ko ƙaramin bankin yanki, ko ƙungiyar gama kai ta ajiya da lamuni, sai kuma bankunan da ake hulɗa da su ta wayar salula kawai. Kafin ka miƙa kuɗinka ga kowanne daga cikinsu, ka tabbatar cewa hukuma ta ba shi lasisi, kuma ajiyar da ke cikinsa tana da inshora. Wannan na biyun shi ne aka fi sakaci da shi. A Amurka, hukumar FDIC, wadda aka kafa a 1933 bayan durƙushewar dubban bankuna, tana biyan mai ajiya har dala 250,000 idan bankinsa ya rushe. Ƙasashe da yawa suna da irin wannan hukuma, kowace da iyakarta, don haka ka nemi sanin iyakar ƙasarka.

Daga nan sai ka duba abin da ake cira a asusu duk wata, da nisan na'urar cirar kuɗi, da sharuɗɗan bashi. Ƙaramin banki ya san mutanensa, yakan saurari ɗan kasuwar da babban banki ba zai kula ba, amma rassansa kaɗan ne. A ganina, asusu biyu a wurare daban-daban sun fi ɗaya aminci.

Dangantakar wannan da hannun jari tana bayyana ne ranar da kasuwa ta juya baya. Ana cewa an shiga doguwar faɗuwa idan farashin hannayen jari ya sauka da kashi 20 cikin ɗari ko fiye daga ƙololuwar da ya kai. Tsakanin Oktoban 2007 da Maris na 2009, ma'aunin S&P 500, wanda ke bin farashin hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka 500, ya zube da kusan kashi 57, kuma bai koma matsayinsa na da ba sai a 2013. A 2020 kuwa ya faɗi da kusan kashi 34 cikin makonni biyar, amma ya farfaɗo a watan Agusta na shekarar. Babu mai iya faɗa maka tun farko wacce iri ce ke tafe, kuma ka tuna cewa jarin da ya rasa rabin darajarsa sai ya ninka kansa kafin ya dawo daidai.

Wanda ya fi shan wuya shi ne wanda larura ta tilasta wa sayarwa lokacin da farashi yake ƙasa. Saboda haka ka ajiye kuɗin da zai riƙe gidanka wata uku zuwa shida a asusu mai inshora, wanda hannunka zai kai gare shi cikin sauƙi. Kuɗin da za ka buƙata nan da shekara biyu ko uku ma kada ya shiga kasuwa, kuma kada ka ci bashi don sayen hannun jari. Abin da ya rage sai ka zuba shi kaɗan-kaɗan duk wata, ka rarraba shi a kamfanoni da sassa daban-daban, domin ko da kasuwa gaba ɗaya ta farfaɗo, kamfani guda yana iya mutuwa baki ɗaya, kamar yadda bankin zuba jari na Amurka, Lehman Brothers, ya rushe a Satumban 2008.