Haɗa ƙaramar motar roba da yi mata fenti

Idan ka buɗe kwalin, ba mota za ka gani ba. Firam-firam ne na roba, sassa na liƙe a jiki da lamba kusa da kowanne, sai bodi a leda, tayoyi, gilasai, takardar sitika da littafin umarni. Ga mai farawa, ni wadda nake ba da shawara ita ce Volkswagen Beetle 1300 samfurin 1966 ta kamfanin Tamiya na Japan, mai ma'aunin 1/24. Wato duk santimita 24 a motar gaske santimita ɗaya ce a nan, don haka idan ta kammala tsawonta kamar santimita 17 ne. Revell da Aoshima da Hasegawa ma suna da nasu, amma sassan Tamiya sun fi shiga juna ba gardama, kuma abin da sabon hannu ke buƙata ke nan.

Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramar filaya mai yanka, wuƙa mai tsini ko sabuwar reza, samfefa mai lamba 600, 1000 da 2000, gam, ƙananan burushi biyu, tsinken sakace da tef. Kafin ka taɓa komai, karanta littafin nan daga farko har ƙarshe, sannan ka wanke bodin da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, ka bar shi ya bushe da kansa.

Kada ka murɗe sashe daga firam da hannu, zai tafi da naman robar ya bar rami. Yanke shi nesa kaɗan da jikinsa, ragowar tsinin ka kankare da wuƙa, ka bi da samfefa. Kuma sai wanda za ka yi aiki da shi yanzu za ka cire, domin da zarar ya rabu da lambarsa, ka shiga neman wane ne wane.

Maganar gam tana son a tsaya a kanta. Gam ɗin wannan aiki, irin su Tamiya Extra Thin Cement, narkar da fuskar robar yake yi, ɓangarorin biyu su zama ɗaya. Ka haɗa su tukuna, ka ɗan taɓa burushin a bakin haɗin, da kansa zai bi layin ya shige. Idan yatsanka na kan layin, zai bi ta ƙarƙashinsa ya buga maka zanen yatsa a jikin mota. Ba ya kama fenti, ba ya kama ƙyallin azurfa da ke kan bamba da murfin taya, don haka sai ka kankare daidai wurin da za a liƙa har roba ta bayyana. Gilashi kuwa, kada sufa gulu ta kusance shi. Tururinta na barin farin hazo da wuya ya goge. Farin gam na kafintoci a kan tsinke ya isa, idan ya bushe ba a ganinsa.

Inji da ƙasan mota da kujeru, bi littafi kawai. Da burushi ake musu fenti, kuma ƙananan sassa sun fi sauƙin shafawa tun suna jikin firam. Injin Beetle a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, saboda haka kada ka tsaya neman lagireto. Abu ɗaya dai: kada ka yi wa komai baƙi iri ɗaya. Kujera baƙi marar ƙyalli, sitiyari mai ƙyalli, nan da nan cikin ya yi kama da na gaske.

Bodi shi ne aikin. Ɗaga shi a haske ka juya, za ka ga wani siririn layi a kan kumatun tayoyi, inda ƙarfen da aka zuba robar ya haɗu. Motar gaske ba ta da shi. Goge shi da 600, ka bi da 1000. Fenti ba ya rufe aibi, tona shi yake yi, musamman mai ƙyalli. Shi ya sa ake fara fesa faraima, wato fentin share fage, mai launin toka: tana sa fenti ya kama, tana kuma nuna maka duk ƙarcen da idonka ya tsallake. Idan launin da ka zaɓa mai haske ne, kamar rawaya ko ja, fara ce ta fi dacewa.

Lanƙwasa wayar hanga ka maƙala ta cikin bodin don ka samu mariƙi. Girgiza gwangwanin feshi sosai, ka riƙe shi kamar santimita 20 zuwa 25 daga motar. Fara fesawa kafin ka iso kanta, ka wuce ta kafin ka saki, hannu na tafiya bai tsaya ba. Zagaye na farko ɗan yayyafi ne kawai, har kana hango faraimar ta ƙasa. Jira kamar minti 15, ka ƙara. A na uku ne za ka ɗan jiƙa ta har ƙyalli ya fito. Idan ka matso kusa ko ka yi nawa, fenti zai zubo kamar hawaye. Idan ka yi nisa, zai bushe a iska ya sauka da kaushi.

A waje za ka yi, ko bakin taga a buɗe, da takunkumi, nesa da wuta. Ka kuma duba gari. Ranar da aka tashi da ƙurar hunturu, haƙura. Ranar da damina ta cika iska da laima, fentin na iya dusashewa ya yi fari-fari. Da ka gama, kife kwali mai tsabta a kanta. Kada a shanya a rana, zafin bazara na iya lanƙwasa roba.

Ka kula da jinsin fenti. Gwangwanayen Tamiya masu lambar TS irin fentin da ake kira lacquer ne, mai ƙarfi. Idan ka fesa ta kan fentin mai, sai na ƙasan ya tattare. Lacquer a ƙasa, fentin ruwa ko na mai a sama, ba akasin haka ba. Gwangwanin fentin mota na kasuwa ma yana yi, amma gwada shi a ragowar firam tukuna, wani yana cin roba.

Ka ba motar kwana uku aƙalla ta bushe kafin ka taɓa. Ni mako nake ba ta. Sai sitika: yanko ɗaya, tsoma a ruwan ɗumi kamar daƙiƙa 10, ajiye ta a kan tsumma har ta fara zamewa, ka tura ta daga takardar zuwa wurinta, ka danne da auduga ruwan ya fita. Layin ƙofofi ka zuba musu baƙin fenti da aka tsinka sosai, ka goge abin da ya haura. Madubi da abin goge gilashi su ne na ƙarshe, don su ke fara karyewa idan ana juya mota a hannu.