Yadda Ɗalibin Siyasa Zai Tsara Karatun Manyan Littattafan Fanninsa

Yawancin ɗaliban kimiyyar siyasa sukan haddace sunayen manyan marubutan fannin tun a shekararsu ta farko, amma kaɗan ne daga cikinsu ke zama su karanta ko da babi guda na abin da waɗannan mutane suka rubuta da hannunsu. An fi dogara da taƙaitaccen bayanin da malami ya raba, wanda yakan isa a ci jarrabawa, amma ba ya nuna wa ɗalibi yadda marubuci ya ɗora hujja bisa hujja har ya kai ga matsayinsa. Shawarata ita ce a zaɓi littattafai kaɗan, a karanta su daga tushe, kuma a riƙa haɗa su biyu-biyu, ta yadda kowane marubuci zai sami wanda zai ja da shi.

Mataki na farko: ka shiga da tambaya a hannu

Kafin ka buɗe kowane littafi, ka rubuta tambayoyi uku a shafin farko na littafin rubutunka. Wa ya cancanci ya yi mulki? Me ya sa ya wajaba a yi masa biyayya? Ina iyakar ikonsa, kuma me talakawa za su yi idan ya ƙetare ta? Kusan duk wanda za ka karanta yana amsa ɗaya daga cikin waɗannan ne, kuma idan ka riƙe su, ba za ka ɓata a cikin dogayen bayanai ba.

Mataki na biyu: ka fara da Girkawa, amma daga gajerun rubuce-rubuce

Kuskuren da aka fi yi shi ne a faɗa wa babban littafin Aflatun kai tsaye, a gaji kafin a kai tsakiya. Ya fi kyau ka fara da gajerun tattaunawarsa guda biyu, Apology da Crito, waɗanda za a iya gamawa a zama biyu. Na farko yana ba da labarin yadda Sokiratis, malamin Aflatun, ya kare kansa a gaban kotun birnin Atina, wadda ta yanke masa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A na biyu kuwa, abokinsa ya zo kurkuku da shirin fitar da shi a ɓoye, shi kuma ya ƙi guduwa, yana mai cewa wanda ya rayu a ƙarƙashin dokokin gari, ya ci moriyarsu, bai dace ya karya su ba ranar da suka juya masa baya. Tambayar biyayya ke nan tsirararta, kuma har yau ba a gama muhawara a kanta ba.

Daga nan sai ka shiga Republic, mai kashi 10. Ka ba da ƙarfi ga kashi na 1, inda wani ya dage cewa adalci ba kome ba ne illa abin da ya amfani mai ƙarfi, da kashi na 8, inda Aflatun ya bayyana yadda tsarin mulki ke lalacewa daki-daki har dimokuraɗiyya ta haifi mulkin kama-karya. Abokin jayayyarsa shi ne almajirinsa Aristotal, wanda ya shafe kimanin shekara 20 a makarantarsa. A littafinsa Politics, ya soki shawarar malaminsa ta mallakar dukiya a dunƙule, ya rarraba tsarin mulki gida shida bisa yawan masu mulki da kuma ko don jama'a suke yi ko don kansu, sannan ya nuna cewa ƙasar da masu matsakaicin hali suka yi rinjaye a cikinta ta fi zama lafiya. A kashi na 1 za ka tarar yana kare bauta a matsayin abin da ya dace da halittar wasu mutane. Kada ka tsallake wurin, domin gano inda hujjar babban malami ta karye yana daga cikin abin da karatun ke koyarwa.

Mataki na uku: ka ba malaman Musulunci cikakken lokacinsu

Jerin littattafan da ake bai wa ɗalibai yakan tsallaka daga Girka zuwa Italiya kamar ba a yi wani tunani a tsakani ba, kuma wannan giɓi ne babba. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya ɗauki tambayar Aflatun ta birni nagari ya sake gina ta a littafinsa Ara'u Ahlil Madinatil Fadila. Al-Mawardi, alƙalin Bagadaza da ya rasu a 1058, ya bi wata hanya dabam a Al-Ahkamus Sultaniyya, inda ya tsara sharuɗɗan shugabanci, da aikin waziri, da na alƙali, da kotun sauraron koke-koken zalunci, da hisba. Karanta su tare yana nuna bambancin mai falsafa da ke tambayar yadda ya kamata birni ya kasance, da masanin fiƙihu da ke tambayar yadda za a tafiyar da hukumar da ke akwai.

Wanda ya fi cancantar ka daɗe a kansa shi ne Ibn Khaldun, haifaffen Tunis a 1332, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406. Ya rubuta Muƙaddima a 1377 bayan ya yi wa sarakuna da dama aiki, ya ga hawansu da faɗuwarsu da idonsa, har ya ɗanɗana kurkuku. Jigon bayaninsa shi ne asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan da ke sa jama'a su tsaya wa juna har su ƙwaci mulki. A ganinsa, waɗanda suka kafa daula mutane ne da wahala ta gasa, 'ya'yansu sukan gaji mulkin su saba da jin daɗin birni, jikokinsu kuwa sukan manta yadda aka samo shi, su dogara da sojan haya, su yawaita haraji don biyan buƙatun fada, har wata jama'a mai sabon haɗin kai ta zo ta kawar da su. Ya ƙiyasta rayuwar daula da kimanin shekara 120, wato zuriya uku. Babi na 2 da na 3 su ne zuciyar littafin ga ɗalibin siyasa, kuma abin da ya ɗaukaka shi shi ne ya nemi dalilan da ke sa mulki ya tashi ko ya faɗi a cikin halayen al'umma kanta.

Mataki na huɗu: ka ajiye al-Maghili kusa da Makiyabeli

Wannan haɗin shi ne na fi so a ba ɗalibi, domin rubuce-rubucen biyu gajeru ne, nasiha ce ga mai mulki, kuma tsakaninsu bai wuce kimanin shekara 20 ba. Shehu Muhammadu al-Maghili ya rubuta Tajud Din fima Yajibu alal Muluk domin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ya ɗauki mulki a matsayin amana da za a tambayi mai ita, yana kuma nanata gargaɗin cewa tushen kowace musiba shi ne sarki ya ɓuya wa talakawansa. Makiyabeli kuwa ya rubuta The Prince a 1513, shekara guda bayan ya rasa muƙaminsa a gwamnatin birnin Fulorans, kuma ba a buga littafin ba sai 1532, bayan mutuwarsa. Ya ce shi zai yi magana ne a kan yadda mutane suke a zahiri. A babi na 15 zuwa na 18 ya kawo ra'ayin cewa idan dole ne mai mulki ya zaɓa, gara a ji tsoronsa da a so shi, muddin bai jawo wa kansa ƙiyayya ba ta hanyar taɓa dukiyar talakawa da matansu.

Kada ka yi saurin yanke cewa ɗaya mutumin kirki ne, ɗaya kuma mugu. Ka tambayi kanka abin da kowannensu ya ɗauka a matsayin manufar mulki, kuma ka duba ɗaya littafin na Makiyabeli, Discourses on Livy, inda ya fito a matsayin mai son jamhuriya. Bayan wannan, hanyar al-Maghili za ta kai ka ga Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da Diya'ul Hukkam na Abdullahi Ɗanfodiyo, da Usulus Siyasa na Muhammadu Bello, waɗanda suka yi rubutu suna tsakiyar kafa daula da tafiyar da ita.

Mataki na biyar: ka karanta masu ra'ayin cewa yarjejeniyar jama'a ce tushen hukuma, tare da tarihin zamaninsu

Hobbes, da Locke, da Rousseau duk sun fara ne da tambayar yadda rayuwa za ta kasance idan babu hukuma, amma sun rabu a amsa, kuma ba za ka gane dalilin ba sai ka san abin da kowannensu ya gani. Hobbes ya wallafa Leviathan a 1651, shekara biyu bayan an fille kan Sarki Charles na Ɗaya a yaƙin basasar Ingila, shi ya sa a babi na 13 ya kwatanta rashin hukuma da yaƙin kowa da kowa, ya kuma yarda a miƙa wa mai mulki cikakken iko don a tsira da rai. Locke, wanda littafinsa Two Treatises of Government ya fito a 1689, ya ce mutane suna da haƙƙin rai da 'yanci da dukiya tun kafin a kafa gwamnati, don haka gwamnatin da ta ci amanar waɗannan haƙƙoƙi ta warware biyayyar da ke kan jama'a. Kashi na biyu na littafin ya ishe ka. Rousseau, a The Social Contract na 1762, ya mayar da ikon gaba ɗaya hannun jama'a, yana ganin mutum ba ya zama mai 'yanci sai yana bin dokar da shi ma ya sa hannu wajen kafa ta.

Domin ganin yadda ake mayar da irin wannan tunani ya zama tsarin mulki a rubuce, ka karanta bayanin Montesquieu na 1748 kan raba iko tsakanin masu yin doka, da masu zartarwa, da masu shari'a, sannan maƙala ta 10 da ta 51 daga cikin maƙaloli 85 na The Federalist, waɗanda aka rubuta a 1787 da 1788 don shawo kan mutanen New York su amince da kundin tsarin mulkin Amurka.

Mataki na shida: ka saurari masu suka

Ƙarni na 19 ya kawo masana'antu da tarin ma'aikata, tambayoyin kuma suka sauya. John Stuart Mill, a On Liberty na 1859, ya ji tsoron danniyar masu rinjaye, ya ce ba a da hujjar tilasta wa baligi sai don hana shi cutar da wani. Marx da Engels, a sanarwarsu ta 1848, The Communist Manifesto, sun amsa tun kafin nan cewa 'yancin da ke kan takarda ba ya da nauyi ga wanda ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa, kuma gwamnati a tsarin jari-hujja tana kare muradun masu dukiya ne. Ka ƙara da Mary Wollstonecraft, wadda ta tambaya a 1792 dalilin da ya sa haƙƙoƙin da ake ta yayatawa suka tsaya ga maza. Ka rufe wannan zango da laccar da Max Weber ya gabatar a Munich a 1919, Politics as a Vocation, inda ya fassara ƙasa da cewa ita ce hukumar da ta keɓanta da halattaccen amfani da ƙarfi a cikin iyakokinta, ya kuma kawo tushe uku na halaccin mulki: gado da al'ada, kwarjinin shugaba, da doka.

Mataki na bakwai: ka karanta waɗanda aka mulka

Yawancin marubutan Turai da aka ambata sun yi rubutu ne daga ɓangaren ƙasashen da suka mallaki wasu, don haka karatun bai cika ba sai an ji daga ɗaya ɓangaren. Frantz Fanon ya wallafa The Wretched of the Earth a 1961, shekarar da ya rasu, kuma babi na 3 na littafin, inda ya yi hasashen cewa 'yan bokon da za su karɓi mulki za su gaje kujerun Turawa ba tare da sauya tsarin ba, ya cancanci a karanta shi sau biyu. Ka haɗa shi da Sanarwar Arusha ta 1967, wadda Julius Nyerere, shugaban Tanzaniya na wancan lokacin, ya shimfiɗa manufar ujamaa, wato gurguzu irin na Afirka, a cikinta. Sai maƙalar Peter Ekeh ta 1975, wadda ta bayyana yadda mulkin mallaka ya bar Afirka da fagen jama'a iri biyu: na dangi da ƙabila, inda mutum ke jin nauyin amana, da na gwamnati, inda yake ganin dukiyar ba ta kowa ba ce. Shafukanta kaɗan ne, amma za ta sa ka sake duba abin da ka karanta a wurin Weber da Ibn Khaldun.

Mataki na takwas: ka kafa tsarin aiki

Ka ware wa kowane haɗin littattafai biyu mako huɗu zuwa shida, ka karanta shafi 15 zuwa 20 a rana maimakon ka tara su ga dare ɗaya. Ka nemi bugun da ke da gabatarwa da bayanan mai fassara, amma ka jinkirta karanta gabatarwar har sai ka gama littafin, don kada ra'ayin wani ya riga naka shiga. Wanda ya iya Larabci ya karanta al-Mawardi da Ibn Khaldun da al-Maghili a harshensu na asali, domin kalmomi irin su mulk da siyasa da asabiyya sukan rasa wani ɓangare na ma'anarsu a fassara. Bayan kowane littafi, ka rubuta shafi guda da kalmominka: amsar marubucin ga tambayoyin nan uku, hujjarsa mafi ƙarfi, da wurin da kake ganin abokin jayayyarsa ya fi shi gaskiya. Idan ka sami abokan karatu biyu ko uku, kowa ya ɗauki marubuci guda ya kare shi a zaman tattaunawa, ko da bai yarda da shi ba. Manyan littattafan ƙarni na 20 masu nauyi, irin su The Origins of Totalitarianism na Hannah Arendt na 1951, da A Theory of Justice na John Rawls na 1971 tare da martanin Robert Nozick na 1974, ka ajiye su zuwa shekara ta biyu, domin dukansu sun ɗauka cewa mai karatu ya riga ya san Aristotal da Locke da Marx.